Ruwan Hoda a Cikin Baho

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ya iyali, ya damina? Ni ce Hassatu daga Bakura.

Maigidana manomin shinkafa ne, wuni yake cikin fadama, har cin ruwa ya kama shi tsakanin yatsun ƙafa. A asibiti aka ba mu wani magani mai suna famanganet, baƙi-baƙi kamar dakakken kwalli. Malamar ta ce ɗan mitsitsi ake jefawa, a bari ya narke sarai, ruwan ya tsaya ruwan hoda mai haske, sannan a tsoma ƙafa.

Kullum da la'asar in na jefa shi a baho, sai in shagala da kallo. Launin yakan tashi a hankali kamar hayaƙin turare, ya bazu kamar sama bayan an ɗauke ruwa. Har sai Malam ya yi gyaran murya nake dawowa.

Ranar da na tafi suna Maradun, surukata ta karɓi aikin. Ta dubi ruwan ta ce, "Wannan bai kama ba, ɗiyata rowa take." Ta zuba shi kamar mai kwaɓa lalle. Ƙafar ta ƙone, Malam ya kwanta ana tsakiyar dashe.

'Yan uwana mata, wannan ba lalle ba ne, kuma ku nisanta shi da yara, kada su zaci zoɓo. Ina gaida Inna, wadda yanzu take zama kusa da ni muna kallon bahon tare, hannunta a cinya.