Gurasar Baba Idi Ta Jawo Mini Gargaɗi

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Jiya mudir ɗinmu, wato manaja, ya ba ni gargaɗi na biyu kan makara. Ya ce a na uku zan rasa aikin.

Ina aiki a wata maɗaba'a a nan Madina. Kullum da safe mu huɗu muke shiga motar Baba Idi, wani dattijo ɗan Cadi, daga unguwarmu ta Jurf zuwa wurin aiki. Tuƙinsa ba laifi, karin kumallo ne matsalar. Baba ba ya cin tamis, gurasar nan ta tanderu, sai ta wani mai gashi a unguwar Harra ta Yamma, wanda ba a kan hanyarmu yake ba. Sai mun ratse, mun bi layi, sannan a shimfiɗa leda a zauna a ci da wake. Wanda ya ce zai ci a mota, Baba ya kira shi maras tarbiyya.

Na ce masa, "Baba, ga masu tamis birjik a Jurf."

Ya ce, "Ya waladi, ɗana, waccan gurasa ce ko takalmi? Zauna ka ci, mudir ba zai mutu ba."

Mudir kam lafiyarsa ƙalau, aikina ne ke jinya.

Canza mota ba wuya, amma Baba ne ya sauke ni a ɗakinsa lokacin da ban san kowa ba a garin nan. Masu sauraro, yaya ake ce wa irin wannan dattijo a'a?

Yau ya ce mai gashin ya yarda zai riƙa ajiye mana tamu kafin mu iso. Ban ji daga bakin mai gashin ba tukuna.