Na Hana A Rubuta Waƙoƙina

Salamu alaikum mai gabatarwa, ina gaisuwa daga Dutsi. Ban yi karatu ba, amma ni ke waƙar gayya a garinmu tun ina saurayi. Aminina Malam Sule ya ce zai rubuta mini su da ajami, sai dai zai daidaita baitoci da amsa-amo. Na ce, "Waƙar da ke sa ƙarti su nome gona za ka gyara? Riƙe alƙalaminka." Na ƙaurace wa zaurensa, don raini ne. Bara ya rasu, Allah ya jiƙansa. Jiya na ɗauko wata waƙar, na kakare a tsakiya. Da na bar shi ya gyara ma, da suna nan. Jama'a, wa zai rubuta mini ragowar kafin in manta duka?