Jakada Maharazu Ɗangoggo da Masunta Arba'in da Uku

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, jakadun ƙasashe aminanmu, malamai da fastoci, uwarmu Hajiya Barira matar marigayi, 'ya'yansa Lukman da Ikilima, da duk wanda ya tako zuwa wannan zaure na Garki, sannunku da zuwa.

Sunana Rakiya Zakariyya. Shekara goma sha tara na yi aiki ƙarƙashin Jakada Maharazu Ɗangoggo, wanda yau shekararsa goma da rasuwa.

Ya kasance mai sauraro har sai ka gaji da magana. Ya kasance ba ya raina ƙaramar ƙasa. Jakadanta na shigowa zai miƙe tsaye.

Wata shekara, wata maƙwabciyar ƙasa ta kama masuntanmu arba'in da uku, wai sun shiga ruwanta. Gari ya ɗau zafi, har ana batun tura soja bakin iyaka. Ni aka sa na rubuta takardar gargaɗi, ban kuwa rage komai ba. Ya karanta, ya cire tabarau.

Ya ce, "Rakiya, ta yi kyau. Amma in ministansu ya karanta wannan a gaban mutanensa, ta yaya zai sauko bai ji kunya ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai su ne da laifi."

Ya ce, "Na sani. Mutanenmu nake so su dawo gida."

Muka tafi ƙasar ba takarda. Kwana tara ana shanya mu a ofishin ministan, bai ɗaga murya ba. Rana ta goma suka saki masuntan, rediyonsu ya ce afuwar shugabansu ce. Raina ya ɓaci. Shi kuwa yana bakin jirgi yana gaisawa da su ɗaya bayan ɗaya.

Wannan hali bai bi shi kabari ba. Bara jami'armu Nafeesa Abdulbasit, wadda ba ta taɓa ganinsa ba, ta dawo da direbobinmu bakwai daga wata ƙasa ta wannan hanya. A bakinmu ta koya, mu kuma a wurinsa.

Hajiya Barira, sallah nawa kuka yi ba shi a gida? Mun sani, mun gode. Lukman, Ikilima, ku dubi layin baya. Dattijon nan mai farar hula sunansa Enoch, yana cikin masuntan. Jiya ya hau mota da jikokinsa biyar, ya ce sai sun ga iyalin mutumin da ya je ɗauko shi.

Na gode da sauraro. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya albarkaci bayansa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya da maƙwabtanta. Amin.