Saniyar da Ta Jure Rani

A tashar Jega, motar Aliero na jiran cika. Wani dattijo makiyayi ya gaji da tsakin budurwar da ke gefensa tana latsa waya.

"Ɗiyata, lafiya?"

"Baffa, gasar ƙwallo muke yi a waya. Kowa ya sayi 'yan wasa a gwanjo, bana ɗaya kaɗai zai riƙe a cikinsu, ni kuwa na rasa zaɓi. Shekara uku ina ta ƙarshe, maza goma sha ɗaya na yi mini dariya, amma na ƙi fita."

"Su wa kike aunawa?"

"Yaro mai zura ƙwallo, kullum yana jinya. Sai wani tsoho mai tsaron baya, bai taɓa fashi ba."

"Kin duba haƙoransu?"

"A Turai suke, Baffa."

"Shi ya sa kike ƙarshe. Riƙe tsohon. Saniyar da ta jure rani ake bari a garke, ba mai sheƙi ba."

Ta latsa. "Na riƙe. Shekararsa talatin da tara."

Dattijon ya leƙa wayar.

"Wanga ai na mahauta ne. Ana warwarewa?"

"Ba a yi."

"To, shekara huɗu ke nan. Ki daure."