Cemoko, Wanda Ya Ɗauke Mana Ruwan Rini

Assalamu alaikum. Malam Liman, Allah ya ƙara lafiya. Mai unguwa, wakilin magajin gari, dattawan gidan Tarawore, yaya Nasun, matar marigayi, da 'ya'yanki, 'yan'uwana marina, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ni ce Sitan Jara, shugabar matan da ke rinin shadda a bakin kogi nan Bamako. An ba ni magana a arba'in ɗin Cemoko Tarawore saboda Jara da Tarawore abokan wasa ne. Bisa al'ada, yau tsokanarsa ya kamata in yi, in ce cin wake ne ya kai shi. Tun daga gida nake gwadawa, bakina ya ƙi.

Kun san halinmu kafin zuwansa. In mun gama rini, a kwata muke juye ruwan soda da kala, ya gangara kogi. Salak ɗin masu lambu ya ƙone, masunta suka daina gaishe mu. Ba mai iya yi mana magana, don bakinmu ba dama. Wata safiya ina riƙe da baho, Cemoko ya tsaya a kaina.

"Ke baiwata, kogin ma an ba ki ne ki rina?"

Na ce, "Tafi can, maci wake. In ya dame ka, shanye shi."

Ya ce, "Sha dai ba zan sha ba, amma zan kwashe."

Da hannunsa ya gina mana ramin siminti mai murfi. Kullum yana zuwa da amalanken jakinsa, ya ɗura a ganguna, ya kai wurin da hukuma ta ware a bayan gari. Shekara goma sha tara.

Ya kasance mutumin da hannunsa ya fi namu shuɗi, alhali bai taɓa rina ko ɗankwali ba. Ya kasance in ya zauna a motar haya mutane na matsawa saboda warin soda, shi kuwa sai ya ce sun kyauta, ya samu fili. Ya kasance dalilin da masunta suka dawo suna kawo mana kifi har wurin aiki.

Doka ɗaya ya kafa mana: kada a zuba ruwan a ramin da zafinsa, a bari ya huce a gangunanmu tukuna. Ana saura kwana uku Babbar Sallah, shadda ta taru mana, ganguna suka cika. Aka juye a ramin da zafi, aka rufe. Ya zo ya ɗaga murfi, tururin ya buge shi a ƙirji. Tarin da ya yi wata huɗu yana yi har ya zama ajalinsa, daga nan ya samo shi.

Ni na ce a juye.

Na je dubiya, na buɗe baki zan faɗa, ya ɗaga mini hannu.

"Yi mini shiru, Jara. Tarawore ba ya riƙe Jara a zuciya, kakanninmu sun gama wannan maganar. Nasun kuma na ce mata sanyi ne ya kama ni, ki bar shi a haka."

Na bi maganarsa yana raye, yau na kasa. Yaya Nasun, wancan alkawarin kakanni shi ya ɗaure. Ke 'yar gidan Sangare ce, bai ɗaure ki ba. Ke kika yi jinyar, ke aka bar wa yara biyar. Kwana arba'in ina zuwa gidanki, kina ba ni tabarma kina yi mini godiya, ni kuwa kunya na cin raina. Ki yafe mini in za ki iya. Ba sai kin amsa yau ba.

Mun gode wa duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Allah ya jiƙan Cemoko, ya wanke shi tas, ya sanyaya makwancinsa, ya raya abin da ya bari. Ni kuma, Malam Liman, ka sa ni a addu'a, Allah ya ba ni ƙarfin jin amsar matar nan, ko wace iri ce.