Jakin da Ke Tsayawa

A kasuwar jakai ta Madarunfa, damina biyu bayan babban yaƙin Nasara, wata mata daga Gabi ta tsaya gaban Lawali dillali. Tana goye da yarinya 'yar shekara bakwai mai sandararrun ƙafafu.

"Baiwar Allah, ga jaki kamar doki! Kafin ki ce bisimilla kin kai Maraɗi."

"Ba Maraɗi za ni ba, malam. Wancan tsohon jakin na gindin kuka fa?"

"Wancan? Ai hutawa yake."

"Tun hantsi ba wanda ya taya shi. Me ke damunsa?"

Lawali ya laluba, bai samu ƙaryar da za ta shiga ba.

"To, tsakani da Allah, aibinsa ɗaya. Da mangala ta ɗan karkata sai ya tsaya cak. Ko Kumandan, Baturen mulki, ne ya zo, ba ya motsi sai an gyara."

"Cak? Ba ya zabura?"

"Zabura? Wannan?"

"Allahu akbar! Jummai, kin ji? Malam, tun haihuwa ba ta taka ba, in ta zauna ma sai ta zube gefe. Jakin maƙwabcinmu sau biyu yana kayar da ita. Ni kuma ga ciki, wani na tafe, goyon nan wata uku ya rage mata. Ɗora ta mu gani!"

Aka sa ta cikin mangala, da damin gero a ɗaya gefen. Taku biyar ta karkata, jaki ya ƙame. Yarinya ta ƙyalƙyale da dariya.

"Nawa, malam? Nawa?"

Lawali ya gyara hula.

"Ai baiwar Allah, jaki mai hankali irin wannan ba a samunsa da arha."