Kabarin Hedwig

A tashar motar garin Cheb, a tsallaken iyakar Jamus, na ji wani tsohon Bajamushe ya tare wata mata mai kwandon kabeji da ke jiran motar ƙauyen da aka haife shi.

"Baiwar Allah, maƙabartar Jamusawa ta ƙauyenku tana nan, ko an nome ta?"

"Wa gare ka a can, Baba?"

"Mahaifiyata, Hedwig. Ina yaro aka kore mu daga ƙasar nan bayan yaƙin duniya na biyu."

"Ta gindin katanga? Ashe kai ne ɗan da ba ya zuwa! Gidanku aka ba iyayena. Duk shekara ni ke share kabarin, in kunna mata kyandir."

Tsohon ya zauna, ya sauke numfashi.

"Kina sharewa kina zagina, ko?"

"Sosai ma. Riƙe min kwandon, ga motarmu. Bana kai za ka yi sharar."